Kohistan ko Talkeetna: ina ɗalibi zai fi ganin gindin tsibiran aman wuta?

Wani ƙanena a wannan sana'a tamu ta nazarin duwatsu ya samu gurbin digiri na uku a ƙasar waje. Malamin da zai duba shi ya ajiye masa aiki biyu, ya ce ya ɗauki ɗaya. Na farko a Kohistan, arewacin Pakistan. Na biyu a Talkeetna, kudancin Alaska. Ya kira ni bayan isha'i ya ce, "Yaya, duk abu ɗaya ake nema a wuraren nan, to wanne ya fi?" Muka yi kusan awa guda muna magana har katinsa ya ƙare. Abin da na gaya masa ne nake faɗaɗawa a nan, don na san ba shi kaɗai zai tsaya a wannan mararraba ba.

Abin da ake nema shi ne wannan. Inda farantin ƙasa na ƙarƙashin teku ya lume a ƙarƙashin wani farantin teku, ruwan da ya tafi da shi yakan sa dutsen da ke sama ya narke, narkakken ya taso ya gina jerin tsibirai masu aman wuta, a lanƙwashe kamar baka. Tsibiran Izu da Mariyana a kudancin Japan da na Alushiyan a yammacin Alaska duk haka suke. Masana da yawa suna ganin a irin waɗannan wurare ake dafa ɓawon nahiyoyi, wato fatar dutsen da ke saman duniya wadda nahiyoyi suka ƙunsa. Sai dai akwai ƙulli. Narkakken dutsen da ke fitowa daga mantil, wato sashen duniya da ke ƙarƙashin ɓawo, silikarsa, wato sinadarin da ya fi yawa a yashi, ba ta wuce kusan kashi 50 cikin ɗari, alhali ɓawon nahiya a matsakaici yana da kusan kashi 60. Ina sauran ma'adinai masu nauyi suka tafi? Amsar tana can gindin bakan, zurfin kilomita 30 zuwa 50, inda ba wanda ya taɓa kaiwa. Rijiyar da ta fi kowace zurfi da aka haƙa don bincike, ta Kola a Rasha, a mita 12,262 ta tsaya.

Tun da haƙa ba za ta kai ba, sai a nemi inda ƙasa da kanta ta yi aikin. Idan katangar ƙasa ta faɗi ta kwanta, kana iya takawa daga harsashinta har zuwa kanta ba tare da tsani ba. Tsofaffin bakunan da suka yi karo da nahiya, wasunsu haka suka kishingiɗa, zaizaya ta share musu jiki. A duk duniya biyu ne aka yarda sun fi bayyana daga sama har gindi, su ne waɗanda aka ajiye wa ƙanena.

Kohistan ta girma ne a cikin tsohon tekun Tetis, tsakanin Indiya da Asiya, tun kimanin shekaru miliyan 150 da suka wuce, ta ci gaba da aiki har Indiya ta iso ta matse ta wajen shekaru miliyan 50 baya. A 1979 ne masanin Pakistan Rashid Khan Tahirkheli da abokan aikinsa Faransawa suka bayyana cewa wannan yanki gaba ɗayansa bakan tsibirai ne da ya maƙale tsakanin nahiyoyi biyu. Ba mamaki da aka gane hakan a lokacin, domin a ƙarshen shekarun 1970 aka kammala babbar hanyar Karakoram, wadda ta bi kwarin kogin Indus ta yanka duwatsun daga kudu zuwa arewa. Injiniyoyin hanya sun yi wa masu guduma gata ba da niyya ba.

Ka tashi daga Besham ka nufi arewa. A Jijal za ka fara da gindi: duwatsu masu duhu da kore, ma'adinan olibin da firoksin masu nauyi kusan zalla, waɗanda suka kwanta a ƙasan narkakken dutse kamar yadda ƙullu ke kwantawa a gindin roba idan an tace gasara. A samansu sai dutsen da ya sa sunan Jijal ya shiga littattafai, gabro, wato baƙin dutsen da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa, mai cike da jan ma'adinin ganet. Na taɓa riƙe gutsurensa a wani ɗakin ajiyar samfura. Girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba, amma nauyinsa ya ba ni mamaki, kamar an ɓoye ƙarfe a ciki, jikinsa kuma duk jajayen ƙwayoyi masu launin zoɓo a tsakanin kore da fari. Idan aka yanka shi aka goge har kaurinsa ya koma maikuron 30, ƙasa da kaurin silin gashi, aka sa a madubin bincike, da ka gicciya hasken sai ganet ɗin ya yi baƙi ƙirin, ko ka juya faifan ba ya haskawa, maƙwabtansa kuwa suna ta canza launi. Waɗannan ƙwayoyi su ne shaidar zurfi. Lissafin matsin da suka tsiro a cikinsa yana nuna kilomita 50 ko fiye.

Daga nan ka wuce Patan da Dasu ta cikin duwatsun Kamila, ka isa Chilas, inda wani ƙaton jikin gabro mai shekaru kusan miliyan 85 ya miƙe tsawon kilomita 300, faɗinsa a wasu wurare ya kai 40. Gaba da shi, wajen Gilgit, duwatsun sun yi haske, dangin giranit ne. Can arewa a Chalt ga duwatsun da aka amayo a ƙarƙashin ruwa, a Yasin kuma ga farar ƙasa mai ɗauke da burbushin halittun teku. Tafiyar kwana biyu a mota, ka hau daga gindin ɓawo zuwa bakin teku. Ba wani wuri a duniya da zai ba ka wannan.

Saboda wannan cikar ne Oliver Jagoutz da Max Schmidt suka iya haɗa lissafin dukan sassan a 2012, suka nuna cewa idan an cire duwatsu masu nauyin da ke can ƙasa, abin da ya rage na Kohistan ya yi kama ƙwarai da matsakaicin ɓawon nahiya. Duk mai son tambayar "me aka gina bakan da shi, nawa-nawa na kowane iri", nan ne gidansa.

To amma Kohistan tana da tabo, kuma wanda zai ba ta shekara huɗu ya kamata ya san shi tun yanzu. Ta daɗe da yawa. Bakan da ya yi aiki kusan shekaru miliyan 100 bai tsaya da siffa ɗaya ba. Dutsen da ke gindi da wanda ke tsakiya da wanda ke sama ba sa'o'in juna ba ne, wasu sun girmi wasu da shekaru miliyan 40 ko fiye. Idan ka jera su ka ce ga hoton bakan, dole a tambaye ka, hoton wace rana? Kamar gidan gado ne da kowane magaji ya ƙara ɗaki, ya rushe wani. Har ila yau ba a gama gardama kan lokacin da Kohistan ta manne da Asiya ba. Wasu sun ce tun wajen shekaru miliyan 85 zuwa 75 baya, wasu kuma, irin su Pierre Bouilhol da abokansa a 2013, sun ce sai wajen miliyan 40. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. In na farko ne daidai, to wani babban kaso na giranit ɗin Gilgit ya samu ne bayan bakan ya daina zama tsibiri a tsakiyar teku, kuma bai kamata a lissafa shi da sunan bakan teku ba. Ga kuma matsin Himalaya da ya naɗe duwatsun, ya murɗa su, ya sake gasa wasu. Shi kansa gindin na Jijal, mafi yawansa kwantaccen ƙullu ne. Ainihin mantil ɗin da ya rage bayan narkewa kaɗan ne a fili, sai a wurare irin Sapat, inda mutanen yankin ke haƙo koren dutsen ado na feridot.

Talkeetna labarinta ya fi gajarta, ya kuma fi tsabta. Bakan zamanin Jurasik ne. Duwatsun da ke tsaunukan Chugach sun daskare ne tsakanin kimanin shekaru miliyan 200 zuwa 180 baya, kamar yadda Matthew Rioux da abokansa suka auna da zirkon, ma'adinin da ake gane shekarun dutse da shi, a 2007. Ba ta shiga tsakanin nahiyoyi biyu an niƙe ta ba. A samanta akwai duwatsun aman wuta masu kaurin kusan kilomita 7, da burbushin halittun teku a tsakaninsu. A ƙasanta kuma, kusa da Tonsina a kan hanyar Richardson da ta taso daga Valdez, akwai abin da Kohistan ba ta bayar da shi da sauƙi: ainihin mantil, sannan siririn firoksinait, wato dutsen firoksin kusan zalla, sannan gabro mai ganet, sannan gabro gama-gari. Iyakar da ke tsakanin ɓawo da mantil, wadda Andrija Mohorovičić ya gano a 1909 daga bayanan girgizar ƙasa, wadda muke kira Moho, a nan mutum na iya ɗora ƙafa ɗaya a samanta ɗaya a ƙasanta. Laurel Burns a 1985, sai Susan DeBari da Robert Coleman a 1989, su suka kafa hujjar cewa wannan gindin baka ne. Matsin da aka auna a wurin ya kai kusan gigafaskal 1 a ma'aunin matsi, wato zurfin kilomita 35 zuwa 40 da ɗoriya, gwargwadon wanda ya yi lissafin.

Matsalarta ita ce littafi ne da gara ta ci tsakiyarsa. Karayar ƙasa ta yanyanka yankin, ta ɗauke sassa da dama. Idan ka auna abin da ke fili daga Moho zuwa sama, ba ya kai kaurin da matsin ya nuna. Da Bradley Hacker da abokansa suka zo sake gina ta a 2008, sai da suka bi dutse-dutse suna auna zafi da matsi, suna mai da kowane gutsure zurfinsa na asali, aka bar giɓi inda babu komai. Duwatsun tsakiyar ɓawo ma sai an je wasu tsaunukan daban, a arewa da yamma, a aro su a cike.

Sai dai wani rashin na Talkeetna shi ne dukiyarta. Andrew Greene da abokansa sun yi lissafi a 2006: idan narkakken dutsen mantil ne ya rikiɗe ya ba da duwatsun aman wutar da ke sama, dole ya zubar da firoksinait mai yawan gaske a ƙasa, wajen rubu'in dukan bakan. Abin da ke Tonsina kuwa 'yan ɗaruruwan mita ne. Ina sauran? Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne ya fi mantil nauyi, ya ɓalle ya nutse tun bakan yana da zafi. A 2013 Jagoutz da Mark Behn suka ɗora wuraren biyu a sikeli ɗaya a mujallar Nature. Suka nuna cewa a Kohistan duwatsun da ke ƙasa da kilomita 40 sun fi mantil nauyi amma suna nan ba su faɗi ba, a Talkeetna kuwa sun riga sun tafi, saura ɓurɓushi mai kaurin mita goma zuwa ɗari, mantil ya hau ya maye gurbinsu. Ke nan ɗaya an kama ta kafin gindinta ya zube, ɗayar bayan ya zube. Wannan ne ya sa nake gaya wa ɗalibai cewa wanda ya karanta ɗaya kawai rabin labari ya ji.

Akwai wata wahala da wuraren biyu suka yi tarayya a kai, wadda masu ba da gurbin karatu ba sa yawan faɗa. Ma'aunin zurfi mai kyau yana bukatar ganet. Gindi yana da shi, don haka lissafin gindi yana da ƙwari, ko da yake kuskuren gigafaskal 0.1 kaɗai daidai yake da kilomita 3. Giranit na sama ana iya auna shi da yawan alminiyam da ke cikin ma'adinin honbilen. Tsakiyar kuwa, inda gabro marar ganet ya cika ko'ina, a Chilas ko a Tazlina ta ɓangaren Talkeetna, ma'aunin yana rawa. Duk zanen da ka gani na ginshiƙin baka mai layuka tsaf-tsaf, ka sani tsakiyarsa akwai ƙiyasi da yawa. Ɗalibin da ya iya gyara wannan ya yi aikin da za a daɗe ana ambato, a kowane wurin ya zaɓa.

Yanzu maganar ƙafa da aljihu. A Kohistan mota za ta kai ka bakin dutse, ka sauka da gudumarka. Masauki da abinci suna da araha, akwai masana a Jami'ar Peshawar da suka gaji aikin tun zamanin Tahirkheli da Qasim Jan, ga masallaci a kowane ƙauye, ba ka tambayar yadda aka yanka naman da ke gabanka. Amma kwarin Indus wajen Chilas tanda ce da bazara, duwatsu na zubowa su toshe hanya, kuma tsaro ba abin wasa ba ne. A Yulin 2021 an kai wa motar ma'aikatan madatsar Dasu hari mutum 13 suka mutu, tara daga ciki 'yan Sin, a Maris na 2024 kuma aka sake kai wani kusa da Besham. Baƙo yana bukatar izini, a wasu wurare har da rakiya, kuma jami'ar da ta ɗauke ka tana iya hana tafiyar gaba ɗaya bayan ka gama shiri. Madatsun Dasu da Diamer-Bhasha da ake ginawa za su cika kwarin da ruwa, su shanye wani sashe na tsohuwar hanya da duwatsun gefenta. Sabuwar hanyar da ake sarawa a sama za ta buɗe wasu, amma wuraren da tsofaffin takardu suka kwatanta ba duka za a sake gani ba.

Alaska lafiya lau ta fuskar mutane, dawa ce ke da wuya. In ban da 'yan wurare kusa da titi, yawancin duwatsun sai da jirgi mai saukar ungulu, kuma kuɗin hayarsa na awa kaɗan na iya cinye kasafin ɗalibi. Lokacin aiki daga Yuni zuwa Agusta ne, hazo ko ruwa na iya zaunar da kai a tanti kwana uku. Ga sauro, ga beyar da sai an koya maka yadda za ka yi in kun haɗu. Na kuma tuna wa ƙanena cewa a watan Yuni rana a wajen Anchorage tana kai awa 19, ya tanadi amsar malamai kan lokutan salla kafin ya tafi. Ya yi dariya, amma ya rubuta.

Ya tambaye ni ko bai fi ba ya bar tsofaffin duwatsu ya koma bakunan da ke raye, ya yi aiki da bayanan girgiza a kwamfuta. Hanya ce mai kyau ga mai son lissafi. Da ita Kiyoshi Suyehiro da abokansa suka gano a 1996 cewa a tsakiyar ɓawon Izu akwai sashen da igiyar girgiza ke ratsawa da gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa, irin gudun dangin giranit, binciken Alushiyan kuma ya nuna ɓawo mai duhu da nauyi fiye da haka. Amma igiya gudu kawai take gaya maka. Firoksinait da mantil mai zafi gudunsu ya yi kusa, don haka abin da ake nema ɗin ne ke ɓuya. Masu wannan aiki da kansu Kohistan da Talkeetna suke komawa don fassara abin da suka auna. Haƙar da jirgin JOIDES Resolution ya yi a Izu a 2014 ma saman kawai ta taɓa.

Da ya matsa mini in faɗi nawa zaɓin, na ce Kohistan, na kuma ba shi dalilin da ya shafe shi shi kansa. Ba a Alaska ko Pakistan zai ƙare aikinsa ba, gida zai dawo. A Afirka ta Yamma akwai ɗinkin da ya taso daga Hoggar ya ratsa gabashin Mali, Benin da Togo har kudancin Gana, inda wani tsohon teku ya rufe kimanin shekaru miliyan 600 baya. A kan wannan layi, a yankin Ansongo kudu da Gao, ba nisa da iyakar Nijar, akwai duwatsun Amalaoulaou, waɗanda Julien Berger da Renaud Caby da abokansu suka bayyana a 2011 a matsayin gindin bakan teku mai shekaru kimanin miliyan 800 zuwa 660. Duwatsun Kabye kusa da Kara a Togo da na Shai kusa da Accra su ma cike suke da ganet. Duk waɗannan an matse su, an murɗa su, an sake gasa su a karon nahiyoyi. Idon da ya koyi raba abin da bakan ya yi da abin da karo ya yi masa daga baya, a Kamila da Jijal, shi ne idon da ake bukata a nan. Tsabtar Talkeetna ba za ta koya masa wannan ba.

Ban ce haka ga kowa ba. Wanda tambayarsa ta tsaya kan Moho kanta, ko kan yadda narkakken dutse ke ratsa mantil kafin ya shiga ɓawo, ko kan abin da ya nutse ya ɓace, ya tafi Tonsina kada ya waiwaya. Haka wanda jami'arsa ba za ta sa hannu kan tafiya Pakistan ba, gara ya sani tun kafin ya rubuta tsarin bincikensa.

Kafin katin ya ƙare na ce masa gobe ya koma wurin malamin da tambaya uku: samfuran da aka riga aka kwaso suna ina, an rubuta daidai wurin da aka ɗauki kowanne, kuma in tafiyar ta gagara shekara biyu a jere, abin da ke cikin akwatunan zai isa a rubuta kundi? Bayan mako guda ya turo mini hoton wani ɗaki a ƙarƙashin ginin sashensu, akwatunan katako jere har rufi, an rubuta Jijal da jan fenti a jikin guda shida.